Auta da Mai Akwatin Gawa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, akwatin gawar mahaifiyarta ta je saye.

Shagon yana can ƙarshen layin masu katako. Akwatuna jingine da bango, manya da ƙanana, warin fenti ya cika wurin. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunta suka ƙi shiga. Kafintan ya ajiye zarto, ya goge hannu a rigarsa, ya jawo mata benci.

"Sannu, 'yar'uwa. Wa aka rasa?"

"Mama," ta ce.

Bai ce mata ta yi haƙuri ba, kalmar da aka cika mata kunne da ita tun safe. Tsawon marigayiyar ya tambaya, da kalar da ta fi so. Da ya kawo akwatin gida da kansa, shuɗin yadi ne shimfiɗe a ciki.

Bayan jana'iza Auta ta daina zuwa coci. Ta yi azumi, ta yi addu'a har gwiwoyinta suka yi kanta, amma ciwon daji ya cinye Mama a kan idonta. Sai ta rufe kanta a shagon ɗinkinta, daga ita sai keke.

Wata Lahadi saƙon kafintan ya shigo wayarta, ashe cocinsu ɗaya:

"Auta, yau ma na duba inda Mama take zama da ke, babu kowa. Ba wa'azi na zo yi miki ba. Na dai sa ki a addu'a."

Ta amsa: "Ka gaya wa Ubangijin naka fushi nake da shi."

"Ya sani. Fushinki bai fi ƙarfinsa ba. Kin ci abinci?"

Ta yi murmushin farko tun rasuwar.

Daga nan ya fara leƙowa, wai ƙafar teburinta na rawa. Ya gyara teburin nan har ya rasa abin gyarawa. Ita tana ce masa Malam Zarto, shi yana ce mata sanyin idona.

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, tsohon direba mai zafin zuciya, sai ya buga sanda a ƙasa.

"Mutumin da sai an yi kuka kasuwarsa ke buɗewa? A gidana? Ga shugaban mawaƙan coci nan, da motarsa da ofishinsa, yana ta zarya a kanki."

"Baba, ba shi ke kashe su ba. Suturta su yake yi."

"Rufe mini baki!"

Ana cikin wannan tsautsayi ya faɗa. Injin tsaga katako ya kama hannun Kafinta na dama, likitoci suka yanke shi daga wuyan hannu. Auta ta ruga asibiti da zare a jikin rigarta, amma yayarsa ta tare ta a ƙofa.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ya ce kada a bar ki ki shiga."

Tana tsaye a barandar saƙonsa ya shigo wayarta, haruffan a hargitse:

"Ki bi maganar Baba. Ba ni da abin da zan riƙe ki da shi. Kada ki sake zuwa."

Ta kira har ta gaji, bai ɗauka ba. Shugaban mawaƙa kuwa ya zo shago da turarensa, ya zauna a kan teburin nan.

"Kin gani ko? Allah ne ya nuna miki alama."

Ta dube shi, ta ce, "Sauka mini daga tebur."

Ranar da la'asar ta shiga cocin da ta ƙaurace wa. Babu kowa sai kujeru. Ta durƙusa.

"Ban gane maka ba," ta ce. "Ka ɗauki Mama, ka ɗauki hannunsa. Na gudu na gudu, ban sami wurin zuwa ba sai wurinka. Yesu, ko ba ka ba ni dalili ba, ka riƙe ni."

Ba ta ji wata murya ba. Hawaye dai suka zuba har suka ƙare, ta tashi da ƙarfin da ba ta shigo da shi ba.

Da aka sallamo Kafinta daga asibiti, ta same shi a ɗakinsa, ya rame, ya juya fuska ga bango.

"Na ce kada ki zo. Ni da nake ba ki baki, yau ko Amin ta gagare ni."

Ta zauna, ta ɗauki dungulmin hannun nan da bandejinsa, ta ɗora a cinyarta.

"Malam Zarto, hannunka na ce ina so, ko kai?"

Ya fashe da kuka kamar yaro. Ta yi musu addu'a, shi yana sheshsheƙa.

Ba a warke a rana ɗaya ba. Masu ba shi aiki suka watse. Baba ya kafe, Auta kuma ba ta ƙetare maganarsa ba, ba ta kuma saki Kafinta ba. Ta jira.

Wata rana Baba ya bi ta layin masu katako. Ya hango Kafinta ya danne katako da gwiwa, yana ja da hagu, zarton na zamewa, gumi na ɗiga, yana sake ɗorawa. Tsohon ya tsaya ya daɗe. Sai ya jingine sandarsa, ya sunkuya ya riƙe masa katakon har ya yanke.

Da zai tafi, bai ko dube shi ba ya ce, "Ka turo manyanka."

Ba a yi taron a-zo-a-gani ba. A gaban fasto, zoben ya kufce daga yatsun hagun ango, Auta ta tare shi, ta taya shi turawa. Baba ya miƙe da ƙyar, ya dafa kawunansu.

"Na so mahaifiyarki ta ga yau," ya ce. "Wuya ba ta ƙare muku ba, 'ya'yana. Amma wanda ya kawo ku nan ba zai sake ku a hanya ba. Ubangiji ya albarkaci gidanku, ya ba ku zuri'a masu tsoronsa."

Cocin ya amsa da Amin, muryar ango ta fi ta kowa.