Na'urar da Ke Kiran Walida

Ku kashe wayoyin nan tukuna. Kai Bashari, da kai nake, hasken ya ishe ni. Tun da labari kuka ce kuna so, to ku matso, don ba zan ɗaga murya ba.

Wasu cikinku sun san Nafi'u, wanda muka yi makaranta tare, dogon nan mai gilashi. A lokacin yana aiki da wani kamfani mai ba bankuna da makarantu intanet, a wani tsohon ginin masaƙa can Kakuri. Aikinsa gadi ne, amma gadin na'urori. Ɗaki ne mai sanyi kamar firij, da babban allo a bango cike da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo na'ura ce a wani gari. Akwai manhajar da ke bin su ɗaya bayan ɗaya duk minti biyar, tana tambaya ko suna nan. Wadda ta amsa sai ta nuna kore. Wadda ta yi jinkiri, rawaya. Wadda aka kira sau uku ba ta amsa ba kuwa, sai ta koma ja, a rubuta ta mutu, a tura mai gyara.

Manhajar nan ba sayenta ake yi ba, ta kowa ce. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya rubuta ɗan abin da ya iya ya ƙara, rubutun kuma a buɗe yake ga duk mai son karantawa. Shi ya sa ogansu Malam Tukur yake da doka guda da ba ya ɗaga ƙafa a kanta: duk ƙarin da wani ya rubuta, sai ka karanta shi layi-layi kafin ka saka. Nafi'u ya san dokar sarai. Shi ne ma yake koya wa sababbin ma'aikata.

Amma hankalinsa ba ya ɗakin. Yana da 'ya guda, Walida, 'yar shekara huɗu, mai ciwon sikila, ciwon kuma ya fi tashi da dare. Sau biyu yana dawowa da safe ya tarar an kwana da ita a asibiti, wayar matarsa Zinatu ba caji. Abin yana cin ransa ƙwarai. Yana zaune ya san lafiyar na'ura ɗari uku, bai san ta 'yarsa ba.

Wata Laraba abokin aikinsa bai zo ba, ya kwana shi kaɗai. Wajen ƙarfe biyu ya waiga zai ɗauki shayi, sai ga mutum zaune a kujerar da ba kowa. Farar riga, hula, hannuwa a kan gwiwa. Ba sallama.

Ƙofar ɗakin nan da kati ake buɗe ta, kuma duk buɗewa sai ta nuna a allo. Nafi'u ya saci kallo. Ba ta nuna komai ba.

"Bawan Allah, wa ya shigo da kai?"

Leɓɓan mutumin suka motsa, suka tsaya. Sannan muryar ta iso, kamar kiran bidiyo a wurin da ba sabis.

"Ina cikin masu rubuta manhajar nan. Na kawo ƙari."

Ya ajiye filashi a kan tebur. Ya ce wannan ƙarin ba na'ura yake tambaya ba, mutum yake tambaya. Ka saka sunan wanda kake so, duk inda yake za ka ga lafiyarsa a allo. Nafi'u ya tambayi nawa ne. Ya ce ai kyauta ne, kamar sauran.

Da ni da ku ne, da tuni mun yi ta'awwuzi mun nemi ƙofa. Shi kuwa Walida kawai yake gani. Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur, wadda suke gwaje-gwaje a kanta, ya soka filashin. Ya buɗe rubutun, a yi masa adalci, ya fara karantawa. Layi dubu huɗu ne. Ya kai wajen na talatin ya ga komai tsaf, aikin gwani, sai ya ce a ransa gobe ya ƙarasa. Ya saka.

Abin ya tambayi suna. Ya rubuta. Sai ya tambayi sunan uwa. Ku gaya min, wace manhaja ce ke tambayar sunan uwar mutum? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san masu wannan tambayar. Amma ya rubuta, Walida 'yar Zinatu.

Ɗigo ya fito. Kore.

Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya juya zai yi godiya, mutumin ya riga ya miƙe. Daɓen ɗakin na katako ne, wayoyi na bi ta ƙarƙashi, ko mage ta taka sai ka ji. Bai ji komai ba. Ya sauke ido. Mutumin ƙofa ya nufa, amma yatsun ƙafarsa Nafi'u suke kallo.

Da safe ya tarar da Zinatu ido jajur. Ta ce yarinyar nan ba ta bar ta ta runtsa ba. Tun wajen biyu da rabi, da ta ɗan fara barci sai ta zabura ta ce na'am, kamar an kira ta. Ta tambaye ta wa ke kiranta, ta ce ba ta sani ba, a cikin kunnenta ne. Suna cikin maganar Walida ta ɗago daga cinyar uwarta ta ce na'am. Nafi'u ya duba agogo. Bayan minti biyar cif ta sake.

Ko takalmi bai cire ba ya koma Kakuri. Ya nemi goge sunan, abin ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Sai ya yi abin da kowane ma'aikaci zai yi, ya zare wayar wutar kwamfutar gaba ɗaya.

Ba a yi minti ɗaya ba wayarsa ta yi ƙara.

"Baban Walida, ta sandare. Ba ta numfashi."

Nan take ya mayar da wayar wutar. Tsohuwar kwamfuta ce, tashinta da nawa. Yana tsaye yana jin kukan Zinatu a kunne har ɗigon ya fito. Sai ya ji wata 'yar murya daga can ta ce na'am.

Ranar ya karanta rubutun duka, a zaune a ƙasa. Wallahi babu abin da aka ɓoye. An rubuta cewa sunan da aka saka ba ya fita. An rubuta cewa idan mai kira ya tsaya, wanda ake kira ya tsaya. An rubuta cewa kira uku ba amsa, ja. Duk ga shi nan ɓaro-ɓaro, har da bayani a gefe don mai karatu ya gane.

Kwana shida yarinyar ba barci. Ciwon ya tashi, aka ƙara mata jini. An kawo malamai sun yi ruƙiyya har muryarsu ta dushe, tana kwance tana amsa kiranta a tsakiyar karatun. Nafi'u kuwa kullum sai ya sallami abokin aikinsa ya zauna shi kaɗai yana jira. A dare na bakwai mutumin ya dawo, a kujerar dai.

Nafi'u ya durƙusa. Ya roƙe shi da Allah, ya ce a saka sunansa a cire nata. Leɓɓan mutumin suka motsa, sannan muryar ta biyo.

"Ba mu yaudare ka ba. A buɗe muka ba ka."

"Yarinya ce. Ba ta san komai ba."

"Kai ka sani. Kai ne ba ka karanta ba." Ya miƙe. "Gyara dai kana iyawa, kamar kowa."

Daga nan bai ƙara ganinsa ba.

Ya zauna gyara. Wuri guda ne kawai ya karɓi canji, tazarar kira. Ya mayar minti goma, ya karɓa. Rabin awa, ya karɓa. Awa ɗaya, ya karɓa. Da ya ƙara minti guda a kai sai ɗigon ya yi rawaya, Zinatu ta bugo ta ce jikin yarinyar ya fara sanyi. Ya mayar da sauri. Ya gwada kwafe abin zuwa sabuwar kwamfuta don ya huta da fargabar tsohuwar, sai masu kira suka zama biyu, Walida na amsa wannan tana amsa wancan tana kuka. Allah ya taimake shi kwafin ya yarda ya gogu. Na asalin ne ba ya taɓuwa.

Da ya rasa yadda zai yi sai ya gaya wa Malam Tukur. Dattijon bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya zauna ya karanta layi dubu huɗun nan da kansa, ya cire gilashi ya ajiye. Sannan ya sa hannu a takarda cewa kwamfutar ta tsufa an yar da ita. Ba tare da an kashe ta ba suka ɗauke ta, haɗe da batir, a bayan a-daidaita, Nafi'u ya rungume ta har gida yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali.

Shekara tara ke nan. Ya bar aikin, don ba ya iya nisa da gida. Rufin ɗakinsa duk sola ne, ga batura, ga janareto biyu. Walida ta kai sha uku, siririya, ga hankali, amma ba ta taɓa yin barcin awa ɗaya cikakke ba tun tana 'yar huɗu. Wani dare gajiya ta danne ta, kira biyu suka wuce ba ta amsa ba. Tun daga ranar iyayen suke karɓa-karɓa, ɗaya na barci ɗaya na zaune da agogo, yana girgiza ta kafin lokaci ya cika.

Makon jiya na je gaishe su. Nafi'u ya yi furfura, in kun gan shi sai ku ce yayan babana ne. Muna zaune sai na ji wani ƙas, ƙas, ƙas daga cikin kwamfutar. Na dube shi. Ya ce faifan cikinta ne, watansa biyu yana haka. Fanka ya canza, wayoyi ya canza, amma wannan a kansa abin yake zaune, ba ya canzuwa. Na tambaye shi kwana nawa irinsa ke yi in ya fara wannan ƙara.

Walida tana kwance a tabarma, mun ɗauka ba ta jinmu. Sai ta juyo.

"Baba, in ya daina kirana, zan samu in yi barci?"

Ya ce mata e, za ta yi.

Ta yi murmushi, wallahi murmushin murna, ta gyara kwanciya.

Ku da kuke ta ɗokin karatun kwamfuta, ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya yarda ya kwana shi kaɗai a irin ɗakin nan. In kuma aka miƙo muku abu kyauta cikin dare, ku karanta shi har layin ƙarshe kafin ku rubuta sunan wanda kuke so.