Ranar da Me-ya-sa Ta Manta da Tambaya

Ku matso kusa, yarana, ku gyara zama. Labarin yau ba na zamanin da ba ne. Na wata yarinya ce 'yar aji biyar, wadda tambaya ba ta ƙarewa a bakinta.

In ta ga tururuwa sai ta ce, "Me ya sa suke bin layi?" In tukunya ta tafasa sai ta ce, "Me ya sa murfin yake rawa?" Shi ya sa kowa yake kiran ta Me-ya-sa. Babanta yakan ce, "Wannan yarinya ko a mafarki tambaya take yi."

Sau ɗaya tak ta manta ba ta yi tambaya ba. Labarin wannan ranar zan ba ku.

Wata Litinin, Malama ta ce za a yi gasar kimiyya tsakanin makarantu, kuma yara huɗu za a zaɓa.

"Akwai manhaja da ake sakawa a waya ko a kwamfutar hannu," in ji Malama. "Darasi goma ne a ciki. Duk mai son shiga gasa, ya gama su kafin Litinin mai zuwa."

Zuciyar Me-ya-sa ta yi tsalle. Gasar da ba komai a cikinta sai tambayoyi! Amma wayar Mama ƙarama ce mai maɓallai. Baba kuma direba ne, yana tafiya da tasa.

Sai dai Me-ya-sa tana da wani gwangwani a ƙarƙashin gado. Shekara guda tana tara duk kyautar kuɗin da aka yi mata a ciki.

Baba ya ce, "Ki jira ni. Zan dawo ranar Alhamis, mu je tare mu zaɓi wadda za ki saya a tsanake."

Ranar Talata, a hanyar dawowa daga makaranta, ta tsaya gaban wani shago. Ga wata kwamfutar hannu a bayan gilashi, mai faɗi kamar littafin zane, sai ƙyalli take yi. An liƙa mata takarda: AN RAGE RABIN KUƊI.

"Kai! Kafin Alhamis wani ya saye ta," in ji Me-ya-sa a ranta.

Ta ruga gida. Mama ta tafi kasuwa. Me-ya-sa ta jawo gwangwani, ta koma da gudu.

Mai shagon dattijo ne, tabarau a kan karan hancinsa. Ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, wannan fa ta kwana biyu. Shi ya sa na rage kuɗinta. Me za ki yi da ita?"

"Komai da komai!"

"Komai da komai yana da yawa. Ba za ki gwada ta ba?"

"A'a, Baba, sauri nake yi."

Ya nuna mata allon da ke bango. "Kin karanta? Kayan ragi in sun fita ba sa dawowa."

"Na karanta," in ji ta. Alhali idonta yana kan ƙyalli.

Da ta isa gida, Mama ta riƙe baki. "Ba Babanki ya ce ki jira ba?"

"Mama, dubi girmanta fa!"

"Na gani. Allah ya sa girman ya yi aiki."

Washegari ta kai ta makaranta. Yara suka kewaye ta, kowa yana son ya taɓa. Malama ta haɗa ta da intanet ɗin makaranta, ta nemo manhajar, ta danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Can sai rubutu ya fito. Malama ta sake dannawa. Rubutun ya sake fitowa.

"Ta ce ba za ta iya ɗaukar wannan manhaja ba," in ji Malama.

"Me ya sa? Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Kin tuna takalminki na aji biyu? Ya yage?"

"A'a, ƙafata ce ta fi shi girma."

"To, haka ne. Masu ƙera ta sun daina aiko mata da sababbin gyare-gyare. Manhajar ta girma, ita kuma tana nan yadda take."

Daga bayan aji wata ta rera, "Me-ya-sa, me ya sa?" Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar. Amma hawaye ya riga ya cika idon Me-ya-sa.

Ranar Alhamis Baba ya dawo. Ya wanke hannu, ya zauna, ya saurari labarin duka. Bai yi faɗa ba. Ya juya kwamfutar gaba da baya.

"Tambaya nawa kika yi wa mai shagon?"

Ta sunkuyar da kai. "Ko ɗaya."

"Ke? Ke da kika tambaye ni dalilin da ya sa taya take baƙa?"

"Shi ne ma ya tambaye ni, Baba. Ban saurara ba. Ka yi haƙuri."

"Na haƙura. Amma wata kam ba zan iya saya ba yanzu. Ni kuma ko ina gari kullum ina kan hanya, wayata ba ta zama wuri ɗaya."

Mama ta dafa kafaɗarta. "Kuka ya isa. Kin san abin da ba ta iyawa. Kin tambaye ta abin da take iyawa?"

Me-ya-sa ta share hawaye. Wannan tambaya ta yi mata daɗi. Ta ɗauko takarda, ta shiga gwaji. Hoto yana fitowa tas, babba. Littafi yana buɗewa. Batir yana kaiwa la'asar. Bidiyo kuwa yana tafiya yana tuntuɓe. Ta rubuta duka.

Ranar Juma'a da yamma Mama ta aike ta shagon Goggo, ƙanwar Baba, ta karɓo ɗinki. Goggo tela ce. Shagonta cike yake da ƙyallaye da zare, keken ɗinki yana ta ƙara.

Wata mata tana zaune a benci. Ta kai wata 'yar ƙaramar kwamfutar hannu har bakin hancinta, tana ƙyafta ido.

"Wai wannan wuyan riga ne ko hannu?" in ji matar. "Ni ban ga komai ba."

Bakin Me-ya-sa ya fara ƙaiƙayi.

"Goggo, me kike yi da wannan?"

"Hotunan ɗinki nake nuna wa mutane."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Ba kya saka manhajoji?"

"Ina ruwana da su? Ni da ko lokacin tari ba ni da shi."

"Yaushe kika saye ta?"

"Bara. Ke, 'yar nan, alƙali ce ke?"

Me-ya-sa ta ciro tata daga jaka. Idon Goggo ya buɗe.

"Goggo, da za mu yi musaya? Amma tsaya in gaya miki gaskiya. Tsohuwa ce. Sabuwar manhaja ba ta shiga. Bidiyo yana tsayawa. Ga shi duk na rubuta."

Goggo ta karanta takardar, ta yi dariya. "Yau na ga mai talla da ke kushe kayanta! To, tawa ma gefenta ya tsage, kin gani. Amma ba na musaya da ido rufe. Kirawo Babanki, mu gwada."

Baba ya zo. Aka tura hotunan ɗinki cikin babbar. Matar nan ta karɓa, ta ce, "Yauwa! Ashe har da maɓallai a rigar! Wannan nake so."

Sannan Baba ya kunna intanet ɗin wayarsa. Me-ya-sa ta danna manhajar a ƙaramar. Ɗan da'irar ya juya sau ɗaya, sau biyu. Me-ya-sa ta zuba masa ido. Sai ga darasi na farko ya buɗe!

"Na yarda," in ji Goggo. "Amma tawa ta fi taki ƙuruciya. Don haka duk Asabar za ki zo ki jera mini hotuna, riguna daban, zannuwa daban."

"Na yarda, Goggo!"

Saura kwana biyu, ga darasi goma. Ƙawayenta suka zo kiran ta wasa, ba ta fita ba. Tana jin ihunsu ta taga, tana amsa tambayoyi. Ranar Lahadi, rana na shirin faɗuwa, ta gama na goma.

Ranar Litinin Malama ta kira suna uku. Ta duba takarda. Sannan ta ce, "Ta huɗu, Me-ya-sa."

Da aka tashi, Malama ta ce, "To, me kika koya?"

"Tsohon abu ba banza ba ne, Malama. Ga shi yana yi wa Goggo aiki. Amma kafin in saya, zan tambayi kaina me zan yi da shi. Zan gwada shi. Kuma zan jira manya."

Haka ne, yarana. Kada araha ta sa ku gaggawa. Ku yi tambaya, ku gwada, ku nemi shawarar iyaye kafin ku miƙa kuɗi.

Ita kuwa tsohuwar kwamfutar tana nan a shagon Goggo, an ɗinka mata riga mai fure. Labari ya tsaya nan. Wa ke da tambaya?