Littafin Olamfik a Jakar Auta

Shekara biyu ke nan baban Auta yana aiki a jirgin ruwa. Sai dai su ji muryarsa a waya ranar Lahadi. Kafin ya tafi, shi ne yake zaunar da ita a cinya, yana ba ta labarin gasar Olamfik. Yanzu kujerarsa tana nan a falo, ba mai hawa.

Wata rana malamin wasanni ya shigo aji.

"Za a yi kacici-kacici kan tarihin Olamfik," in ji shi. "Wanda ya zo na ɗaya za a sa muryarsa a rediyo."

Nan take Auta ta tuna da babanta. Da ma Baba ya ji ta!

Littafi ɗaya tak ne a laburare kan gasar. Auta ta waiga, ba mai kallo. Ta cusa shi a jaka, don kada kowa ya karanta sai ita.

Kwana huɗu ƙawarta, 'yar tela, tana neman littafin a kantocin laburare.

"Ba ki gan shi ba?" ta tambaya.

"Ni? A'a," in ji Auta, tana kallon ƙasa.

Ranar Alhamis igiyar jakar ta tsinke a gaban malamar laburare. Littafin ya faɗo tim.

"Auta! Ke ce?"

Auta ta ɗauki littafin ta miƙa mata. Aka cire sunanta daga gasar.

Ranar kacici-kacici tana can baya a kan benci.

"Wace shekara aka fara Olamfik na zamani?" in ji malamin wasanni.

Leɓenta ya motsa: 1896.

"Me ake ba gwani a tsohuwar Girka?"

Kambun ganyen zaitun! Duk ta sani, amma ba damar ɗaga hannu. Hawaye suka cika mata ido.

Ranar Lahadi waya ta yi ƙara.

"Karɓi," in ji Mama. "Ki faɗa masa da bakinki."

Auta ta faɗi komai.

"Baba, so nake ka ji ni. Na yi kewarka."

Sai Baba ya ce:

"Ni ma, 'yar baba. Amma idan kika ɗaure ƙafar abokin tsere, wa kika tsere wa?"

"Ba kowa."

Washegari ta tsaya gaban aji ta ba da haƙuri. 'Yar tela ta harare ta, can kuma ta matsa mata wuri.

"Zauna. An kai ni zagaye na biyu, kuma shekarun nan sun ƙi zama a kaina."

Kullum lokacin hutun tara, Auta tana tambaya, ita tana amsawa. Da 'yar tela ta zo ta ɗaya aka miƙa mata kofi, sai ta ruga ta rungume Auta tun kafin ta gaishe da shugaban makaranta. Har shi sai da ya yi dariya.

Daga ranar Auta ta gane cewa abin kowa ba a ɓoye shi, kuma nasarar da aka samu da ha'inci ba nasara ba ce.