Katin Yaya Furba

A wani ƙauye a kan duwatsun Nepal akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Bakinta kamar reza, ga son a yabe ta.

Tana da wa mai suna Furba, ɗan shekara sha huɗu. Tun haihuwa ba ya tafiya, hannuwansa ba sa riƙe komai, maganarsa kuma sai 'yan gida ke ganewa. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Ama, ita ke ba shi shinkafa da miyar wake a baki, ta yi masa wanka, ta goya shi zuwa banɗaki.

Ama ta fara fama da ciwon baya. Sai ta nemi jan katin gwamnati na masu nakasa mai tsanani. Da tallafin katin take son ɗaukar maƙwabciyarsu Dolma, ta riƙa kula da Furba da safe.

Wata ma'aikaciya ta zo duba shi. Ama yaren Tamang kawai take ji, don haka yarinyar ce tafinta. Yaran unguwa kuwa suka cika taga, har da 'yan ajinsu masu tsiya.

"Yana cin abinci da kansa?" in ji ma'aikaciyar.

Ama ta ce, "Faɗa mata ni nake ba shi. Ni nake wanke shi in ya ɓata wando."

Yarinyar ta dubi taga. Kunya ta rufe ta. Ta ce, "Ama ta ce yana ci da kansa. Banɗaki ma, ɗan riƙe shi kawai ake yi."

Ma'aikaciyar ta rubuta, ta sha shayinta, ta tafi.

Da kati ya fito, sai ga shi rawaya. Wannan kuwa ba ya zuwa da tallafi. Ama ta juya shi a hannu, ta ce, "Haka Allah ya so."

Ina ruwan Allah a nan? Yarinyar ta san wa ya so.

Bayan sati uku, Ama ta zame da Furba a baya. Ta kwanta, ko juyi ba ta iyawa. Gero ya nuna a gona, tsuntsaye suka yi biki. Yarinyar ta bar makaranta, ita ce girki, ita ce wanka.

Wata rana tana ba Furba abinci, ya kau da kai.

"Yaya, ka ci mana."

A hankali ya ce, "Ai ina ci da kaina." Ya huta, ya ƙara, "Kullum rediyo nake ji, ƙanwata, a nan na koyi yaren ma'aikaciyar. Na gane abin da kika faɗa. Kunyata kike ji?"

Ta fashe da kuka, ta je ta faɗa wa Ama komai. Ama ba ta dake ta ba.

Washegari yarinyar ta sami malaminsu, Malam Tek Bahadur. Ya ce, "Abin da baki ya ɓata, baki ne zai gyara. Zan raka ki ofishin masu ba da kati, amma ke za ki yi magana."

Ofishin cike yake da mutane. Ta tsaya a gabansu, ta ce, "Ƙarya na yi. Yayana ba ya ci da kansa. A baya ake kai shi banɗaki. Mu muke wanke shi."

Ba wanda ya yi dariya.

Aka sake duba Furba, aka ba shi jan kati. Dolma ta fara zuwa kullum da safe. Ama ta miƙe, yarinyar ta koma aji. Geron shekarar dai ya tafi, kuma ta daɗe tana tuna hakan.

Yanzu in ƙawayenta sun zo, ɗakin Furba take fara kai su, ta ce, "Ku gaishe da yayana."

Yara, nakasar ɗan'uwa ba abin kunya ba ce. Ɓoye ta ne ke hana shi samun taimakon da yake haƙƙinsa.