Wanda Ya Sa Hannu

Raliya na dunƙule a kujerar asibiti, hannu dafe da mara, zufa na karyo mata. Likita ya ce afendis ɗinta na gab da fashewa.

Bizarta ta mutu tun bara, inshorar lafiya kuwa ko a mafarki. Mata 'yan uwanta baƙi na unguwar Dengfeng sun yi karo-karo sun biya kuɗin tiyata. Saura wani ya nuna fasfonsa, ya sa hannu a madadin dangi.

Ta dubi saurayinta Sabiru, mai shago a kasuwar Shisanhang, mai biza lafiyayya, ɗan gaban goshin Antinta Hindu.

"Masoyi... sa hannu mana."

Gogan naka ya hau gyaran agogo.

"Bebi, ki fahimce ni. Idan aka ga sunana a takardar marar biza, tawa fa? Kwantena biyu gare ni a ruwa."

"Mutuwa zan yi, Sabiru..."

"Haba, ki yi ta addu'a. Bari in amsa waya."

Wayar ko ƙara ba ta yi ba. Wannan ne fa mai rantsuwar zai ba ta ƙodarsa. Ashe namijin hotiho ne, takaicinsa har ya so ya fi ciwon.

Abdoulaziz ne ya miƙe, ɗan Maraɗin da ke ɗaure mata kwalaye, wanda ya goyo ta zuwa tasi. Da ya taɓa furta yana sonta, Anti Hindu cewa ta yi ɗan dako ya san matsayinsa.

Ya zaro fasfonsa.

"Kar ka yi," in ji Raliya da ƙyar. "Taka bizar ma ta mutu, kama ka za a yi."

"Na sani, ƙanwata. Ke dai ki tashi."

Ya sa hannu.

Da ta farfaɗo, babu shi. An tafi da shi, za a mayar da shi gida. Sabiru ne a gefen gado da ledar tuffa, yana washe baki ko kunya babu.

"Bebina, na ce miki addu'a..."

"Ba ni wayarka."

Ya miƙa mata. Ta kira Kano, idonta a kansa kamar ta ga kashi.

"Anti, na rayu. Ina warkewa zan miƙa kaina ga hukuma a mayar da ni gida. Ku fara shiri, ɗan dakon nan zan aura."