Ƙofar Zare Uku

Ya fara ganinta ne ranar da gidan tarihi ya gayyaci masu sana'ar hannu su duba kayan da za a baje a sabon zaure. Ya rako mahaifinsa, tsohon masaƙi, domin mayafin da kakansa ya saƙa yana cikin kayan. Ita kuwa ɗaliba ce mai koyon gyaran kayan tarihi. Tana sunkuye a kan tebur da farar safar hannu, tana share ƙura da buroshi kamar mai tsoron tada jariri.

Ya kai hannu zai taɓa mayafin, ta tare shi da gindin buroshin.

"Malam, sai da safa."

"Na kakana ne fa."

"Ko kakan ne ya zo da kansa, sai da safa."

Daga ranar ya raɗa mata Mai Safa, ita kuma take ce masa Jikan Mayafi. Kullum sai ya samo dalilin zuwa: yau Baba ya aiko shi da bayanin rini, gobe ya manta bironsa. Kafin wata biyu ya kai maganarta gida.

Ita aka ba aikin mayafin. A gefensa ta ga giɓi, babu zare uku, ta ɗauka ƙwaron asu ne ya ci. Kwana tara ta yi tana cike shi da zaren da ta rina da kanta, ba ta gaya wa kowa ba, don tana so ta faranta musu.

Da tsohon ya dawo, ya bi gefen mayafin da ido, ya sake bi. Sai ya tambaya a hankali wa ya rufe ƙofar. Ashe a gidansu kowane masaƙi yana barin giɓin zare uku a gefen saƙa. Ƙofa suke ce masa, alamar akwai na baya mai shigowa. Ya ɗauki sandarsa ya fita. A gida ya ce wa ɗansa yarinyar da za ta gyara abu ba ta tambayi masu shi ba, ba ya jin za ta iya zama da su. A ajiye maganar.

Mako uku Jikan Mayafi bai leƙo ba. Duk lokacin da ƙofar zauren ta motsa sai ta ɗaga kai. Safar da ta ware masa tana nan cikin aljihun tebur, ta hana kowa.

Ran nan saƙonsa ya shigo: "Mai Safa, jiya na zo har bakin gidan tarihi na juya. Ba zan saɓa wa Baba ba, amma kewarki ta hana ni sakat."

Ta amsa: "Laifina ne, Jikan Mayafi. Roƙar mini shi ya zo sau ɗaya kawai."

Ta faɗa wa malamarta kuskuren, ta nemi izinin warware ɗinkin. Da ƙyar tsohon ya yarda ya zo. Ta shimfiɗa mayafin, ta ɗauki hantsaki, amma ba ta taɓa ko zare ɗaya ba.

"Baba, nuna mini inda ƙofar ta fara. Ba zan ƙara yin gaban kaina ba."

Ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ya ce shi kansa da ƙyar ya gane inda allurarta ta shiga. Sannan ya miƙa mata hannu, ya ce ai ya ji labari, a nan ko kakan ne ya zo sai da safa. Ta buɗe aljihun tebur ta ba shi ta ɗansa. Tare suka zare zare ukun nan, kuma shi ya faɗi abin da za a rubuta a katin bayanin da ke gaban mayafin.

Bayan ta kammala karatu aka ɗaura aure. Tsohon ya zo mata da sabon mayafi, saƙar hannunsa. Ta shafa gefensa, yatsanta ya faɗa cikin giɓi.

"Wannan kada ki gyara shi, 'yata," in ji shi. "Ta nan kika shigo. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo na baya."