Zanin Mama a Jikin Bango

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita da iyayenta da ƙaninta Auta suna zaune a ɗaki ɗaya, a wani babban gidan haya. Yarinyar nan akwai tsafta, akwai kuma son a yaba mata.

Abu ɗaya ke ɓata mata rai. Bangon da ke kusa da katifar Auta kullum a jiƙe yake, har ya yi baƙar fumfuna. In ta goge, sai ta dawo. Shi kuma Auta tari ya sa shi gaba, har ya daina zuwa makaranta.

Ran nan Mama ta ce, "Nas ɗin unguwa za ta zo duba Auta. Ki gyara ɗaki, ni zan bi layin famfo."

Kunya ta kama yarinyar. Baƙuwa guda ta ga wannan bango? Ina! Ta ɗauko zanin Mama mai furanni ta rataya, ya rufe wurin ruf.

Nas ta riga Mama isowa. Ta saurari ƙirjin Auta, ta dubi ɗakin.

"'Yan mata, akwai inda danshi ke shigowa?"

"Babu, Anti," in ji yarinyar, ko ƙifta ido ba ta yi.

Da Mama ta dawo, nas ta ba ta magani ta tafi.

Magani ya ƙare, tari yana nan daram. Nas ta sake zuwa.

"Abin nan ya ɗaure mini kai," in ji ta. "In bai lafa ba, sai an kwantar da shi a asibiti."

Auta ya riƙe hannun yayarsa gam. "Yaya, ni makaranta nake so."

Tausayi ya kama ta. Ta tashi ta yaye zanin.

"Ni na rufe, Anti. Kunya na ji."

Nas ta taɓa bangon. "Ai wannan Auta yake shaƙa kullum. Kuma ba ƙazantarku ba ce. Da alama bututun ruwa ne ya fashe a ciki."

Ta leƙa ɗakunan maƙwabta. Ashe danshin ya shafi kowa, kuma kowa da tasa dabarar! Tela ya rufe nasa bangon da kalanda. Matar direba ta jingina kabad. Maƙwabtan suka kalli juna, aka yi ta dariya.

Nas ta ja su gaba ɗaya zuwa wurin mai gidan. Ya so ya yi gardama, amma da ya ga bangon da idonsa sai ya kira mai gyaran famfo. Aka gyara bututu, aka kankare bango, aka mayar da katifar Auta kusa da taga.

Ba a daɗe ba tari ya tafi. Ranar da Auta ya koma makaranta, da gudu ya fita, yayarsa tana binsa da jakarsa.

Tun daga nan ta gane: ba a ɓoye wa mai duba lafiya gaskiya, ko da ana jin kunya.